Wanda Hajiya Ta Ba Makullin Motarta

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya a ƙarshen daminar nan, wata Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke Limancin Kona, muka kai ta makwancinta bayan azahar. Na ga ya kamata in rubuta abin da na sani nata tun da wuri, domin na lura bakin mutane ya fara goge ta, yana mai da ita wata mace mai sanyi wadda ban taɓa sani ba.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ni aka shimfiɗa wa darduma a tsakiyar zaure, kusa da kawu, ƙaninta. Ɗan kawun nan, taubashina, wanda ita ta raine shi tun yana jinjiri bayan rasuwar uwarsa, ya zauna can bakin ƙofa wajen takalma. Mutum zai shigo ya durƙusa gabana ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya," mu shafa. Sai ya juya wajen taubashina, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ni ake yi wa gaisuwa, shi ake yi wa kuka.

Washegari mutanen ƙauye suka iso cikin akori-kura, maza da mata, waɗanda ta yi shekaru tana sayen hatsi a hannunsu. Matan ba su shiga gida ba sai da suka tsaya wajen motarta, wadda ke fake a gindin katanga. Wata tsohuwa mai daddawa ta ɗora goshinta a ƙofar gaba, gefen da Hajiya ke zama, ta yi ta kuka a hankali. Mazan suka cika zaure. Wani dattijo mai ɗingishi ya rungume taubashina, sannan ya waiwayo ya dube ni.

"Malam, kai ma ɗan'uwa ne?"

Kawu ya ce, "Ai shi ne babban ɗanta."

"Ashe tana da wani. Allah ya ba da haƙuri."

Na ce amin.

Dattijon nan ya ba mu labarin ɗingishinsa. Maciji ne ya sare shi a gona, shekarun baya, aka fito da shi bakin hanya babu abin hawa, sai ga motar Hajiya cike da masara har kujerar baya. Ta ce a sauke buhunan. "Ɗanta ya ce, Goggo, hadari fa ya haɗo. Ta ce masara in ta jiƙe a shanya ta, mutum fa?" Suka kai shi asibiti a Wusasa, ruwa ya sauka a kan masarar, rabinta ta tsira. Duk lokacin da ya ce "ɗanta" sai ya nuna bakin ƙofa. Labarin gaskiya ne, kowa a zauren ya san shi, ban da ni. A zaman makokin uwata na riƙa jin labarinta kamar baƙon da ya zo rakiya.

Hajiya ba mace mai sanyi ba ce. Gajeriya ce, mai kaifin ido, ba ta dariya sai abin ya kai. Mahaifinmu maɗinkin manyan riguna ne, ya rasu da sauran ƙuruciyarta, ta ƙi sake aure. Ta fara da mudu a ƙofar gida, ta koma buhu, ta koma bin kasuwannin ƙauye da kanta. Abin da ya dame ta shi ne motocin haya, waɗanda da zarar ruwa ya sauka sai su ƙi shiga hanyoyin da hatsi yake. Shi ya sa ta sayi tsohuwar jif a gwanjo, doguwa, mai jan taya huɗu, kuma otomatik, wato mai giyar da ke canza kanta. Direbobin tasha suka ce ta yi asara, otomatik motar mata ce da 'yan ofis, ba ta daji ba.

"Ai ni ma macen ce," in ji ta.

Ba ta tuƙi, amma ba a tayar da motar nan sai ta zagaye ta. Za ta sunkuya ta dubi ƙasa inda motar ta kwana, ko wani abu ya ɗiga. Ta duba bayan kowace taya. Tana da farin ƙyalle a lalitarta na musamman, in inji ya yi zafi sai ta sa a zaro sandar awon man giya a goga a jikinsa, ta ɗaga shi ga haske, ta shinshina. Takan ce man giya in yana kalar zoɓo a yi tafiya, in ya koma kalar shayin da ya kwana a fara tunani, in kuwa ya yi ƙauri an riga an makara. Idan an haye rafi ba ta yarda a yi gudu sai an ɗan tafi ana taka birki a hankali, wai a shanya shi. "Gudu na kowa ne," in ji ta, "tsayawa ce ta masu hankali."

Wani mai shago ya taɓa sayar mata da man giya na jabu a cikin galan mai kyau. Ta buɗe a gida, ta shinshina, ta sa mayafi ta koma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bencinsa da galan a cinya, duk wanda ya zo sayayya sai ta miƙa masa ta ce, "Ɗan nan, shinshina min wannan." Kafin la'asar mai shagon da kansa ya je cikin Sabon Gari ya nemo mata na gaske.

Duk waɗannan a bakin mutane na tsince su, ko na hango daga nesa. Wanda ke zaro sandar, wanda ke taka birkin, wanda makulli ke kwana a aljihunsa, taubashina ne.

Ni ana yaye ni aka kai ni gidan kakata ta wajen uba a Ƙofar Gayan, can na girma. Hajiya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi min magana kai tsaye. Ina yaro sunana a bakinta "wancan". Da na girma na buɗe wurin aikina sai na zama "mai gareji". In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin labule, ta amsa tana kallon wani wuri, in kuma akwai saƙo sai ta juya wajen ƙanwarta, Inna ƙarama, ta ce, "A gaya wa mai gareji yarinyarsa ta rame." Ina durƙushe a wurin.

Na san al'ada ce, ba a kaina aka fara ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ganin abin da aka hana ni ana zuba shi a kwanon wani. Taubashina a bayanta ya yi barci. Ita ta yi masa kaciya, ita ta yi masa aure. Tana kiran sunansa tun daga tsakar gida har a ji a waje, tana zaginsa, tana jan kunnensa yana da furfura a gemu. Na taɓa shiga na tarar tana ci masa mutunci a kan ya bar man birki ya yi ƙasa, tana cewa kansa kamar na tinkiya, shi kuwa yana cin ɗumamen da ta ajiye masa yana murmushi. Na fita na tsaya a zaure ina jin da ma ni ake zagi.

Ni na fara shiga sana'ar kanikanci. Da shi ma ya nuna sha'awa na aika cewa a turo min shi, sai ta kai shi wajen wani ogan daban. Ya fito da hannu mai kyau a birki da ƙafafun mota, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ni kuma Allah ya buɗa min a giya, musamman otomatik, lokacin da yawancin makanikan garin nan in sun gan ta sai su ce a kai Kaduna. Har aka wayi gari daga Kadunan ake kawo min. Amma motar uwata, wadda giyarta irin aikina ce, ba ta taɓa shiga garejina ba.

Mutane kuwa sun gani. Wata rana wani Alhaji ya kawo min motarsa, mun gama magana zan fara kwancewa, sai wani makaniken maƙwabcina ya ce masa cikin raha, "Alhaji, ka yi sa'a, wannan gwani ne. Tsohuwarsa ce kawai ba ta ba shi tata." Aka yi dariya, ni ma na yi. Alhajin ya ce bari ya je sallah ya dawo. Direbansa ne ya dawo ya ɗauki motar.

Na kai kukana wajen Inna ƙarama. Na ce kunya ta hana kiran suna, na ji, amma a wane littafi ta hana kawo mota? Ta je ta dawo da amsa. Wai Hajiya ta ce in makanike ya ɓata mata aiki tana so ta iya zaginsa. Inna ƙarama ta faɗi haka tana jiran in ji daɗi. Ban ji ba.

Sai wata damina taubashina ya shigo garejina da motar, da safiyar Juma'a, tana tafiya kamar mai ciwon baya. In ya sa giya sai ta yi jim kafin ta kama, in ya taka mai inji ya yi ta kururuwa motar kuwa da ƙyar take ja. Ya fito yana share zufa.

"Yaya, na shiga uku."

Na zaro sandar awo. Man ya koma fari-fari, kamar an dama kunun gyaɗa da zoɓo. Na ce, "Ruwa ka ba ta."

Ya ce rafi ne ya cika suna dawowa, Goggo ta ce a jira ya janye, shi ya ce za ta wuce. Ta wuce ɗin, amma ruwa ya haura har ya shiga ta ɗan bututun da giya ke numfashi. Ya juye man ya zuba sabo a ɓoye, yana fatan ta warware, sai abin ya ƙaru. Ya gaya mata wai birki zai yi wa aiki na 'yan kwanaki.

"Ka rufa min asiri, Yaya. In ta ji giyar nan ta mutu a hannuna, ban san da wane ido zan kalle ta ba."

Na ajiye duk aikin da ke gabana. Na sauke giyar, na buɗe ta a kan tsabtataccen buhu. Ruwa ya riga ya ci fayafayan da ke kama giya, fatarsu tana ɓarewa a hannu kamar ɓawon rogo. Na canza su, na canza matatar mai, na wanke kowace hanya da mai ke bi har wadda ke kai shi wurin sanyaya, domin ɗigon ruwa kaɗan in ya saura sai ya dawo da kai baya. Bututun numfashin nan kuma na ƙara masa tsawo na ɗaure shi can sama kusa da inji, yadda sai ruwa ya kai ƙirjin mutum kafin ya same shi. Ban taɓa yi wa wata mota aiki da irin wannan natsuwa ba. A ƙarƙashin kujerarta na ga ɓawon goro da wani tsohon carbi da ya tsinke, na mayar da su yadda na same su.

Ranar da ya mai da motar na je gidan, wai gaisuwa. Sun dawo daga gwaji ke nan. Ta shigo tsakar gida tana cire mayafi, fuskarta a sake, tana gaya wa Inna ƙarama, "Yaron nan hannunsa na da albarka. Birki ya ce zai duba, sai ga shi har giya ta koma kamar amarya, ba ka jin shigarta." Ta sa masa albarka, ta sa wa 'ya'yansa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Ina durƙushe a bakin labule na ji bakina ya ce, "Hajiya, giyar nan ni na gyara. Ruwa ya sa mata a rafi, ya kawo min."

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta dubi Inna ƙarama ta ce, "Wa ya tambaye shi?"

Na ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Ba a taɓa tambayata komai ba a gidan nan."

"A gaya wa mai gareji gidan nan ba tasha ba ce."

Na tashi na fita. Ina zaure na ji ta fara da shi: maƙaryaci, mai kunnen ƙashi, wanda aka ce ya jira ruwa ya ƙi. Ta karɓe makullin. Ban yi nadamar tona shi ba, har yau, aikina ne na faɗa. Na koma gida ina jiran a aiko da makullin nan. Da magariba aka aiko da kwano, tuwon shinkafa da miyar taushe da zabo guda, babu saƙo. Na zauna ina kallonsa, matata ta ce in ba zan ci ba yara na so. Na ci. Ranar kasuwa ta zagayo, na hango motar ta wuce ta bakin titi, shi a sitiyari, ita a gefensa tana nuna masa wani abu da yatsa.

Muka yi watanni ni da shi ba ma haɗa ido. Ita ce ta gyara, ta hanyarta. Ta aiko shi garejina da ƙyallenta a ninke, da ɗigon man giya a jiki, wai a nuna wa mai gareji ya ga ko kalar ta yi. Na duba na ce ta yi. Tun daga nan bayan kowace damina ƙyallen kan zo. Motar ba ta zuwa.

A shekarun ƙarshe ƙafafunta suka fara kumburi, ta rage fita, taubashina ke zuwa kasuwa shi kaɗai ya dawo ya ba ta labari. A daminar nan da ta ɗauke ta, wata ƙawarta ta ƙauye ta rasu, wadda tun zamanin mudu suke tare. Hajiya ta ce sai ta je gaisuwa da ƙafarta. A ranar kuwa matar taubashina tana asibiti tana naƙuda mai wuya, ba ya iya motsawa. Inna ƙarama ta kira ni a waya, muryarta kamar mai ba da labarin ganin wata.

"An ce a gaya wa mai gareji, in ba shi da aiki, akwai tuƙi."

Ina da aiki. Na wanke hannu na tafi.

Inna ƙarama ba ta iya doguwar tafiya a mota, don haka mu biyu ne. Na zagaya motar yadda na san tana so, na duba ƙasa, na duba bayan tayu. Ta shiga ta zauna ta juya fuskarta ga taga. Muka fita ta Ƙofar Gayan, muka bar kwalta, muka shiga jar hanya tsakanin gonakin dawa. Mun je lafiya, ta yi gaisuwarta, ta daɗe a ɗakin mamaciyar, ta fito idonta jajir.

A dawowa ne, a wani wuri da ruwa ya cinye hanya, na ratse ta gefen gona, na ji wani abu ya daki ƙarƙashin motar. Kututture ne cikin ciyawa. Ban ɗauke shi komai ba sai da muka zo gangaren wani rafi, na taka birki na ji ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka lakar fadama. Na buga, na sake bugawa, ya ɗan kama ya saki. Motar ta fara ɗaukar gudu, ga rafi a ƙasa da duwatsu. Na ja giya zuwa ta biyu, inji ya yi gurnani ya riƙe ta, na ja zuwa ta ɗaya, sannan na riƙa ɗaga birkin hannu kaɗan-kaɗan don kada tayun baya su kulle mu juya. Muka tsaya tayun gaba na taɓa ruwa.

Hajiya ta ƙarasa salatin da take yi, sannan ta ce wa gilashin gaba, "A duba."

Na haye rafin a hankali da giya ta ɗaya, na tsaya a wuri mai faɗi, na sa duwatsu a tayu, na shiga ƙarƙashi. Kututturen ya yage tiyon da ke kai mai ga birkin gaba na hagu, man duk ya tsiyaye. Na fito na ce, ina kallon ƙasa, tiyo ne ya fashe.

"Akwai wani a bayan kujera, cikin buhun gishiri. Da mai."

Akwai kuwa, har da sifanu a naɗe cikin tsumma. Na ɗaga motar na cire taya, na canza tiyon, na cika mai. Saura fitar da iska, domin in iska ta shiga hanyar man birki, ko ka taka ba ya kamawa. Aikin kuwa na mutum biyu ne: ɗaya yana ciki yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana kwance ɗan noti iskar na fita. Na duba gabas da yamma, babu kowa sai dawa. Waya babu sabis. Hadari kuma yana tasowa.

Ban san yadda zan faɗa ba. Ina tsaye da sifana a hannu sai na ji ƙofa ta buɗe. Ta sauko da ƙyar, ta dafa motar ta zagayo, ta hau kujerar direba. Ƙafarta ba ta kai ba, na matso mata da kujerar, kaina a sunkuye dab da gwiwarta. Ta cire takalmi ta ɗora kumburarriyar ƙafar nan a kan birki.

Na kwanta a gefen taya. Na ce, "A taka, a saki, a taka, a saki. Sannan a danne a riƙe."

Na ji motsin ƙafarta ta cikin ƙarfe. Ta ce, "An riƙe."

Na kwance noti, mai ya fito da kumfa yana tartsatsi, na ɗaure. "A saki."

"An saki."

"A sake takawa."

Muka yi ta yi. Ina tashi in ƙara mai in dawo in kwanta. Numfashinta ya fara nauyi, ina jinsa daga ƙasa, na ce ko a huta. Sai na ji ta ci gaba da takawa. Can, ban san a zagaye na nawa ba, na ce a riƙe, sai ta ce, "Na riƙe."

Na tsaya da sifana a kan noti.

"Na ce na riƙe. Yi sauri, ƙafata ta gaji, kai ma kanka kamar na tinkiya."

Na kwance, man ya fito sumul babu kumfa. Na ɗaure, na daɗe a kwance a wurin ina goge notin da ba ya bukatar gogewa, don kada ta ga fuskata.

Da na mayar da taya ta koma kujerarta, na gwada birkin ya kama tun daga sama. Muka hau hanya ruwa na fara sauka. Ta mayar da fuskarta ga taga. Da muka isa gida abin da ta fara tambayar Inna ƙarama shi ne ko matar yaron nan ta sauka. An ce ta sauka, namiji. Ta yi dariya har da tafi. Na ajiye makulli a kan tabarma na yi sallama.

Ba ta sake shiga motar ba. Ciwon ya kwantar da ita bayan sunan jaririn, kuma a kwanakin jinya sunan taubashina take kira in tana son a gyara mata filo. Ina zaune a bakin labule ina ji. A gaban kawu ta ce in ta Allah ta kasance a bar masa motar, ni da ƙannena muka ce mun ji. Ya cancanta. Ban ce na ji daɗi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya na biya ta gidan na tarar da shi a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Tun rasuwar bai tayar da ita ba. Ya turo kansa waje, da maiko a goshi.

"Yaya, wa ya taɓa birkin nan? Wannan ba ɗaurina ba ne."

Ashe ba ta gaya masa ba. Na ce ni ne, ranar da na kai ta gaisuwa, tiyo ya fashe mana a daji.

"Kai da wa? Wa ya taka maka?"

"Ita."

Ya tashi zaune a ƙasa. "Goggo? Ta hau kujerar direba?"

"Ta hau. Har ta zage ni."

Ya riƙa juya sifana a hannu. "Shekara da shekaru ina roƙonta ta taka min ko sau ɗaya," ya ce, "sai ta ce ita ba yarinyar mota ba ce, in nemo wani." Ya dube ni, na ga wani abu a idonsa da na daɗe da sanin ɗanɗanonsa. "Me ta ce maka? Zagin."

Na ce, "Tsakanina da ita ne."

Ya koma ƙarƙashin motar. Na tsuguna na miƙa masa tsumma, ya karɓa.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka yafe mata, ka yalwata mata kabarinta, ka saka mata da abin da ta yi wa mutanen da na sani da waɗanda sai a zaure na ji labarinsu. Mu biyu da ta bari a gindin katangar nan, ka ba kowannenmu haƙurin abin da ɗayan ya samu. Amin.